Makarantun da yara ke kafa wa kansu doka: Mene ne tushen wannan tsari?

A watan Maris na shekarar 2000, wani abin da ba a saba gani ba ya faru a ɗaya daga cikin zaurukan manyan kotunan Birtaniya da ke Landan. An dakatar da zaman shari'a, aka bar zauren ga ɗaliban wata ƙaramar makarantar kwana. Yaran suka buɗe taronsu kamar yadda suka saba yi a makaranta, ɗaya daga cikinsu na shugabanta, suka saurari tayin sulhun da gwamnati ta gabatar, suka tattauna, sannan suka ɗaga hannu suka amince da shi.

Makarantar ita ce Summerhill, wadda ke garin Leiston a gundumar Suffolk, gabashin Ingila. Shekara guda kafin nan, jami'an Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu, sun ziyarce ta suka rubuta rahoto mai zafi. Babban abin da ya dame su shi ne cewa a Summerhill ba a tilasta wa yaro shiga aji. A ganinsu, makarantar ta ɗauki zaman kashe wando a matsayin 'yanci. Ma'aikatar ilimi, wadda David Blunkett ke jagoranta a lokacin, ta aika mata takardar gargaɗi wadda za ta iya kai ga rufe ta. Makarantar ta ɗaukaka ƙara, kuma bayan 'yan kwanaki ana shari'a gwamnati ta nemi a sasanta. A yarjejeniyar da aka cimma, an amince cewa koyo ba a aji kaɗai yake faruwa ba, kuma duk wanda zai sake duba makarantar sai ya yi la'akari da aƙidarta, ya kuma saurari ra'ayin ɗalibanta.

Shugabar makarantar ba ta iya karɓar sulhun ita kaɗai ba tare da an tambayi yaran ba, kuma a nan ne ainihin maganar take.

Ginshiƙai biyu

Abin da ake kira makarantar dimokuraɗiyya ya tsaya ne a kan abubuwa biyu. Na farko, yaro ne ke zaɓen abin da zai koya, da lokacin da zai koya, da kuma hanyar da zai bi. Na biyu, al'amuran zaman tare, wato dokoki da hukunci da sasanta rigima, ana yanke su ne a taron da kowa ke da ƙuri'a ɗaya, ko malami ne mai shekara hamsin ko yarinya 'yar shekara shida. Tun da yara sun fi manya yawa, to a zahiri su ke da rinjaye.

Alexander Sutherland Neill, wanda ya kafa Summerhill, an haife shi a 1883 a garin Forfar na Scotland. Mahaifinsa malamin makarantar ƙauye ne, a zamanin da bulalar fata take cikin kayan aikin kowane malami a yankin. Neill bai yi fice a karatu ba yana yaro, kuma shi ma da ya fara koyarwa ya yi amfani da bulalar kafin ya ajiye ta. Mutumin da ya fi yi masa tasiri shi ne Homer Lane, wani Ba'amurke da ya gudanar da gidan gyaran hali a Dorset, inda matasan da aka samu da laifi ke tafiyar da harkokinsu da kansu. Neill ya ce a ransa, idan wannan ya yi aiki a kan yaran da kotu ta yanke wa hukunci, me zai hana ya yi aiki a kan sauran yara?

Ya fara makarantarsa a 1921 a Hellerau, kusa da Dresden a Jamus. Daga nan ta koma Ostiriya, sannan garin Lyme Regis a kudancin Ingila, inda ta samu sunanta daga gidan da ta zauna a ciki. A 1927 ta tare a Leiston, kuma tana can har yau. Neill ya rasu a 1973, matarsa Ena ta ci gaba da riƙe makarantar, sannan 'yarsu Zoë Readhead ta karɓa a 1985.

Yarda da yaro

Tushen komai a wannan tsari shi ne wani zato game da ɗabi'ar ɗan Adam: cewa an haifi yaro da ƙishin sani, kuma tilastawa ce ke kashe wannan ƙishi. Masu wannan ra'ayi kan kafa hujja da jariri. Ba wanda ya tsara masa manhaja kafin ya koyi tafiya, ba wanda ya yi masa jarrabawa kafin ya iya harshen uwarsa, alhali koyon harshe na cikin ayyuka mafi wuya da ƙwaƙwalwa ke yi. Suna tambaya, me ya sa da zarar ya cika shekara biyar ko shida sai a ɗauka ba zai ƙara koyon komai ba sai an tsare shi?

Ra'ayin ya girmi Neill. Jean-Jacques Rousseau ya kawo irinsa a littafinsa Émile a 1762. Marubucin nan na Rasha, Leo Tolstoy, ya buɗe wa 'ya'yan manoma makaranta a gandunsa na Yasnaya Polyana a 1859, inda yaro ke zuwa idan ya ga dama, ya tafi idan ya gaji. John Dewey na Amurka ya yi jayayya a 1916 cewa ba a koyon dimokuraɗiyya daga littafi, sai an rayu a cikinta, ko da yake shi Dewey bai yarda a janye hannun malami gaba ɗaya ba.

Daga baya masana halayyar ɗan Adam sun samo abin da ya ƙarfafa wani ɓangare na wannan zato. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa biyu sun yi gwaji da ƙananan yara masu son zane. An yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan suka yi zane, wasu kuma ba a yi musu alkawarin komai ba. Bayan wani lokaci, da aka bar su su yi abin da suke so, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage zane. Ladan ya mayar da wasa ya zama aiki. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester sun gina nazari mai faɗi a kan wannan layi, inda suka nuna cewa mutum ya fi himma idan yana jin shi ya zaɓi abin da yake yi, yana jin zai iya, kuma yana jin yana da mutane a gefensa. Sai dai ya kamata a lura, wannan bincike ya nuna amfanin ba wa yaro zaɓi ne, bai nuna cewa a soke manhaja ba. Tsakanin maganganun biyu akwai tazara, kuma masu goyon bayan tsarin kan tsallake ta da sauri.

'Yanci daban, sakaci daban

Kuskuren da aka fi yi game da waɗannan makarantu shi ne ɗaukar su a matsayin wuraren da babu doka. Summerhill tana da dokoki fiye da ɗari, kuma sun shafi lokacin kwanciya, da aron keke, da hayaniya, da cin zali, da inda yaro mai shekara kaza zai iya zuwa ba tare da rakiya ba. Bambancin kawai shi ne waɗanda dokar za ta hau kansu su ne suka kafa ta, kuma suna iya soke ta a taro na gaba.

Neill ya gaji da yadda iyaye, musamman a Amurka, suka fahimci littafinsa na 1960 a matsayin izinin barin yaro ya yi duk abin da ya ga dama, har ya sake rubuta wani a 1966 don ya fayyace. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce. Abin da ya shafi yaro shi kaɗai, kamar ko zai koyi lissafi yau ko zai wuni a bisa bishiya, nasa ne. Abin da ya taɓa haƙƙin wani, kamar busa ƙaho lokacin da mutane ke barci, ba nasa ba ne. Ya taɓa ba da labarin yadda ya tayar da jijiyar wuya da ya tarar an tuge masa dankalin da ya sha wahalar shukawa. Bai yi wa yaran wa'azi kan kyawun hali ba, ya dai nuna musu cewa dankalinsa ne, kamar yadda yaro zai yi fushi idan shi Neill ya ɗauki kekensa ba izini. Girmamawa a nan hanya ce mai zuwa da dawowa.

Akwai wani labarin nasa da ya fi wannan tayar da hankali. Ya kawo shawara a taro cewa a hana duk wanda bai kai shekara 16 ba shan taba, ya kawo hujjojinsa, aka kaɗa ƙuri'a ya sha kaye. Wani yaro ya nemi a sa iyakar a shekara 12, aka amince, amma a mako na gaba aka soke dokar bayan wani ya ce ta mayar da su masu laɓewa a banɗaki kamar 'yan makarantar da ake mulki da tsoro. Neill ya kawo labarin ne don ya nuna cewa ƙuri'arsa ɗaya ce tak. Mai karatu na yau, wanda ya san abin da taba ke yi wa huhu, zai iya ganin wani darasin dabam a ciki. Shi ya sa ma a Summerhill ta yanzu akwai abubuwan da taro ba ya taɓawa: dokokin ƙasa, da al'amuran lafiya da tsaro, da ɗaukar malamai da sallamarsu, da kuɗin makaranta.

Kotun yara a Warsaw

Wanda ya fi kowa zurfafa tunani kan adalci tsakanin yara shi ne Janusz Korczak, likitan yara Bayahude ɗan ƙasar Poland. Daga 1912 shi da Stefania Wilczyńska suka riƙe wani gidan marayu a Warsaw, wanda ke da majalisar yara, da jarida, da kotu. Alƙalan kotun yara ne, kuma kowane yaro na iya kai ƙarar kowa, har da malamai. Shi kansa Korczak ya gurfana a gabanta fiye da sau ɗaya. Kundin dokokin da ya tsara wa kotun ya fi karkata ga yafiya fiye da horo, domin a ganinsa manufar shari'ar ita ce mai laifi ya gane abin da ya yi, mai rauni kuma ya san yana da wurin kai kuka.

Korczak ya ɗauki yaro a matsayin cikakken mutum a yau, ba wanda ake jira ya zama mutum gobe ba. A watan Agustan 1942 'yan Nazi suka kwashe yaran gidan, kusan 200, zuwa sansanin kisa na Treblinka. Ya bi su, kuma bai dawo ba. Ƙasarsa Poland ce ta gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya daftarin farko a 1978, wanda ya zama Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta 1989. Sashe na 12 na yarjejeniyar ya ba yaro haƙƙin faɗin ra'ayinsa a kan duk abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Makarantun dimokuraɗiyya na yawan dogaro da wannan sashe. Masu sukarsu kuma kan nuna sashe na 28 na yarjejeniyar, wanda ya ce ilimin firamare ya zama tilas.

Sudbury Valley

A Amurka an kai abin inda Neill bai kai ba. A 1968 Daniel Greenberg, wanda ya koyar da kimiyyar fiziks a Jami'ar Columbia, tare da matarsa Hanna da wasu iyaye, suka buɗe makarantar Sudbury Valley a garin Framingham na jihar Massachusetts. A Summerhill akwai jadawalin darussa, yaro ne dai ke zaɓen shiga ko ƙin shiga. A Sudbury Valley babu jadawalin kwata-kwata. Malami ba ya tayin darasi, sai yaro ya nema. Taron makaranta ne ke tsara kasafin kuɗi, kuma ɗalibai na kaɗa ƙuri'a a kan ko za a sabunta wa ma'aikaci kwantiraginsa. Ƙorafe-ƙorafe a rubuce ake shigar da su gaban kwamitin shari'a, wanda mafi yawan mambobinsa ɗalibai ne. Wanda ke son takardar kammalawa sai ya tsaya gaban kwamiti ya kare hujjar cewa ya shirya kansa don zama baligi mai amfani a cikin al'umma.

Yara daga shekara huɗu zuwa 19 suna cuɗanya ba tare da an raba su aji-aji ba, kuma Greenberg ya ɗauki wannan a matsayin sirrin makarantar. Ƙarami na kallon babba ya kwaikwaya, babba kuma na ƙara fahimtar abu idan ya bayyana wa ƙarami. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wani abu daga cikin wannan: kowa da allonsa, kowa da inda ya kai, gardi na biya wa ƙolo, ba wanda ke jiran a gama zango kafin ya wuce gaba. Kamannin dai a nan ya tsaya, domin a makarantar allo abin da za a koya sananne ne, kuma maganar malam ba a kaɗa mata ƙuri'a.

Greenberg ya rubuta cewa wasu yara 'yan shekara tara zuwa 12 sun taɓa neman ya koya musu lissafi, suka kammala abin da ake koyarwa a firamare cikin shekara shida a sa'o'i kusan 20 na darasi, saboda su suka nema. Labarin ya yaɗu ƙwarai, amma shaidar mai makaranta ce a kan makarantarsa.

Inda ake ja da su

Suka mafi nauyi ba daga masu son bulala ta fito ba. A wata maƙala da ta wallafa a 1958 kan matsalar ilimi a Amurka, Hannah Arendt ta yi gargaɗi cewa idan manya suka janye suka bar yara su mulki kansu, ba 'yanta yaro aka yi ba, an miƙa shi ne ga mulkin rinjaye, wanda ya fi mulkin mutum ɗaya tsanani. Yaron da malami ya zalunta zai iya samun goyon bayan 'yan ajinsu, amma wanda dukkan sa'anninsa suka haɗe masa kai fa? Ta kuma ce manya ne suka kawo yara cikin duniyar da ta riga su, don haka gabatar musu da ita nauyi ne da ba a gudunsa. Arendt ba Summerhill take nufi ba, amma maganarta ta sauka a ƙofarta. Amsar da makarantun ke bayarwa ita ce manya suna cikin taron suna magana, kuma cin zalin da ake kawowa fili a tattauna ya fi sauƙin magani a kan wanda ake yi a bayan aji. Amsa ce mai ma'ana, amma ta dogara ne kacokan a kan ingancin manyan da ke wurin.

Suka ta biyu daga ilimin ƙwaƙwalwa ta zo. Masanin nan David Geary ya bambanta abin da ɗan Adam ke koya ba tare da an koyar da shi ba, kamar magana da gane fuskoki, da abin da aka ƙirƙiro daga baya, kamar rubutu da aljebra. Misalin jariri, a wannan fahimta, bai shafi kashi na biyu ba. A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun wallafa maƙalar da ta yi tashe, suna jayayya cewa ɗan koyo na buƙatar jagora ƙarara, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya riƙe sabbin abubuwa da yawa a lokaci guda. Ga kuma tambayar da ta fi sauƙi: yaya yaro zai zaɓi abin da bai san da shi ba? Wanda ba a taɓa nuna masa ilimin sinadarai ba ba zai wayi gari yana marmarinsa ba.

Sai batun hujja. A 1986 Peter Gray da David Chanoff sun bi sawun tsofaffin ɗaliban Sudbury Valley, suka gano mafi yawansu sun ci gaba da karatu a manyan makarantu, kuma suna aiki a fannoni dabam-dabam ba tare da wata matsala ta musamman ba. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma mutanen da aka tambaya kaɗan ne, babu rukunin da aka kwatanta su da shi, kuma ɗan Gray ɗalibin makarantar ne. Mafi muhimmanci, Summerhill da Sudbury Valley makarantun kuɗi ne. Yaron da ya tashi a gidan da ke cike da littattafai, iyayensa na da digiri, yana da tudun dafawa idan ya shekara uku yana wasa. Ɗan baƙin haure a Birmingham ko Bronx, wanda takardar jarrabawa ce kusan kaɗai tsaninsa, lissafinsa dabam ne. A ganina wannan ce tambayar da masu tsarin ba su amsa da kyau ba har yanzu.

Akwai dai wuraren da aka gwada shi da kuɗin gwamnati. Escola da Ponte, makarantar gwamnati ce a arewacin Portugal, wadda José Pacheco ya fara sauya wa fasali a 1976: ba a raba yara aji-aji, suna tsara aikinsu tare da malamai, suna kuma da majalisarsu. A Isra'ila, Yaacov Hecht ya kafa makarantar dimokuraɗiyya ta Hadera a 1987, kuma a can aka yi taron ƙasa da ƙasa na farko kan wannan tsari a 1993. Waɗannan sun fi Sudbury Valley barin wa malami rawar takawa.

Abin da ya shiga sauran makarantu

Makarantun dimokuraɗiyya 'yan tsiraru ne a duniya, kuma dokar ƙasa ce ke yanke iyakar abin da za su iya. A Jamus zuwa makaranta tilas ne kuma an haramta karatu a gida, don haka dole irin waɗannan makarantu su gamsar da hukuma cewa abin da suke bayarwa bai gaza na gwamnati ba. A Ingila kuwa doka ta ɗora wa iyaye nauyin ilimantar da yaro ne, a makaranta ko ta wata hanyar.

Amma wasu abubuwan da aka yi wa Neill dariya a kansu sun zama ruwan dare. Majalisar dokokin Birtaniya ta haramta duka a makarantun gwamnati a 1986, sannan haramcin ya kai ga makarantu masu zaman kansu na Ingila da Wales a ƙarshen shekarun 1990. A Wales doka ta wajabta wa makarantun gwamnati kafa majalisar ɗalibai. Iyayen da suka yi karatu a Kano ko Damagaram ko Kumasi, suke kuma renon 'ya'ya a Turai, sun san wannan a aikace: yaro ya dawo gida yana tambayar dalilin umarni, domin a makaranta an saba tambayarsa ra'ayinsa. Ga wanda aka tarbiyyantar a kan cewa na gaba ba a yi masa musu, wannan na iya kama da rashin kunya, alhali a makaranta yabon yaron ake yi a kai.

Ita kuwa Summerhill, da Ofsted ta koma a 2007 ta yaba ƙwarai da yadda ɗalibanta ke girma ta fuskar hali da zamantakewa. A 2021 ta cika shekara 100. Ɗalibanta ba su kai ɗari ba, da dama daga ƙasashen waje suke zuwa, kuma da yawansu kan zauna jarrabawar kammala sakandare ta ƙasa kafin su tafi, duk da cewa babu wanda ya wajabta musu.